Baba, Duna Fa?

Akwai tambayar da babba yakan ji kunyar yi a gaban jama'a, sai yaro ya yi ta a madadinsa. Irin wannan ce ta taso wata Lahadi bayan Misa, a wata ƙaramar majami'armu da ke ƙasar Rogo, sa'ad da muka tsaya a inuwar darbejiya muna yi wa wani iyali barka. Maigidan ma'aikacin jinya ne, ya sami aiki a wani asibiti a Ingila, an kuma ba shi izinin tafiya da matarsa da 'ya'yansa biyu. An riga an shirya kome. Gona an ba da ita aro, awaki an kai su kasuwa, tsohuwarsa kuwa za ta koma wurin 'yarta a Sabon Garin Kano. Ana cikin wannan lissafi sai ɗansa, yaro mai shekara tara, ya ja masa riga ya ce, "Baba, Duna fa?"

Duna karen gidan ne, baƙi, mai shekara bakwai. Maza suka fashe da dariya. Wani dattijo ya dafa kan yaron ya ce, "Ɗana, sabo da kaza ba ya hana a yanka ta." Uban yaron dai bai yi dariya ba, gama shi ma ya kwana da wannan tambaya, kunya ce kawai ta hana shi furta ta. Mun ga ya dace mu ɗauko ta a nan mu dube ta da natsuwa, domin iyalan da ke barin ƙasa suna ƙaruwa a cikinmu, kuma kusan kowane gida a ƙauyukanmu yana da kare.

Tambayar sabuwa ce a wurinmu. Kakanninmu sun yi ƙaura ba iyaka. Gona ta gaji, rijiya ta ƙafe, haraji ya yi nauyi, sai a ɗora kaya a kan jaki a nufi sabon wuri. Ba wanda ya taɓa zama ya yi shawara a kan kare, domin kare yana da ƙafafunsa, yana biye da ayari. Ko a zamaninmu, da aka gama madatsar ruwan Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya cinye gonaki da matsuguni, waɗanda suka tashi ba su nemi takardar kowa ba kafin karnukansu su bi su. Mai tafiya cin rani kuwa, ko Legas ya nufa ko Fatakwal, yakan bar gida cike da mutane, kare ba ya rasa mai jefa masa ƙanzo. Abin da ya sake yanzu shi ne tafiyar ta jirgin sama ce, kuma gidan kulle shi za a yi, ba wanda zai rage a ciki.

Mu fara da maganar dattijon nan, domin ba maganar banza ba ce. Gaskiya ne ba kowane sabo ne ke ɗaure mutum ba. Amma kaza da kare ba ɗaya suke ba a wurinmu. Tun ranar da aka sayo kaza kowa ya san ƙarshenta, ba a kuwa taɓa roƙon ta wani aiki ba. Kare fa, mu muka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, muka raba shi da uwarsa, muka sa masa suna. Mu muka koya masa ya yi haushi idan baƙo ya nufo da dare, ya kori birai daga masara, ya raka mata zuwa itace. Mun koya masa ya yarda da mu, ya yi zargin kowa ban da mu. Shekara bakwai yana kwana a ƙofar zaure cikin sanyin hunturu domin mu yi barci. Wanda ya mai da dabba haka, har ba ta san wata rayuwa ba sai ta ƙofar gidansa, ya ɗauki nauyi a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. A Hausa sunan wannan nauyi amana.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya yi maganar dabbobi daga sakin layi na 2415 zuwa na 2418. Abin lura shi ne wurin da aka ajiye maganar, watau ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. A fahimtarmu dalilin a fili yake: dabbar da ke hannunmu ba mu muka halicce ta ba, riƙo aka ba mu, mai riƙo kuwa ba ya yin yadda ya ga dama da kayan wani. Koyarwar tana da gefe biyu. Gefe ɗaya ya nuna cewa dabbobi suna da haƙƙin alheri a kanmu, kuma sa su cikin wahala ko mutuwa ba tare da dalili ba yana zubar da mutuncin ɗan Adam. Ɗaya gefen ya gargaɗe mu kada mu kashe wa dabba kuɗin da ya kamata ya fara zuwa wajen rage wahalar mutane, kada kuma mu ba ta irin ƙaunar da ta cancanci mutum kaɗai. Mai shirin ƙaura yana tsaye ne a tsakanin waɗannan biyu, kuma idan ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya zai yi kuskure.

Yara da suka yi karatun katekizim za su tuna mana da Littafin Tobit, inda saurayi Tobiya ya tashi daga Nineba zuwa ƙasar Midiya tare da mala'ika Rafayel, karen gidan ya bi su, ya kuma dawo tare da su. Sau biyu kacal aka ambaci karen, a fita da a dawowa, ba a yi wani bayani a kansa ba, kamar abu ne da kowa ya sani cewa kare yana bin mai shi. Amma Tobiya da ƙafa ya yi tafiyarsa.

Bari mu ga abin da tafiya da kare take nufi a yau. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar haukan kare ta zauna a cikinsu, saboda haka ƙasashen da suka rabu da cutar suna tsananta sharuɗɗa. Mai son shiga Ingila da kare daga nan sai an fara sa wa karen wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sa'an nan a yi masa allurar rigakafi. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jininsa a aika ɗakin gwajin da hukumomin can suka amince da shi. Idan sakamako ya yi kyau, sai a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Watau wata huɗu ke nan mafi ƙaranci, ban da takardun likitan dabbobi da izinin fitarwa. Ba zai zauna kusa da mai shi a jirgi ba, cikin akwati zai shiga a ɗakin kaya. Amurka ma ta dakatar da shigar karnuka daga ƙasashe irin namu a watan Yulin 2021, ta kuma kafa sababbin ƙa'idodi masu tsauri daga 1 ga Agustan 2024. Idan aka haɗa kuɗin gwaji da akwati da jirgi da dillalin da zai bi takardu, sau da yawa yakan wuce kuɗin tikitin mutum.

A ce ma an sami kuɗin. Me za a kai Duna ya yi a can? Karen da ya saba da fili da rana da ƙurar gona, wanda bai taɓa ganin igiya a wuyansa ba sai ranar allura, za a sa shi a ɗaki a saman bene, a kulle tun safe, maigida yana aikin dare, uwargida tana neman abin yi, yara suna makaranta. Haushin da ake yaba masa a Rogo shi zai sa maƙwabta su kai ƙara. Ba kowane mai gidan haya ba ne ma yake yarda da kare. Ya kamata mai son tafiya da shi ya tambayi zuciyarsa da gaskiya, don karen zai yi ko don kansa? Akwai ƙaunar da in aka tone ta sai a tarar gudun baƙin cikin rabuwa ne kawai.

Ga kuma maganar mutane. A watan Agustan 2021, da birnin Kabul ya faɗa hannun Taliban, wani tsohon sojan Ingila mai suna Pen Farthing, wanda yake da gidan kula da dabbobi a can, ya fita da karnuka da kuliyoyi fiye da 150 a jirgin shata, alhali ma'aikatansa 'yan ƙasar ba su sami shiga ba a ranar, sai daga baya suka fita ta Pakistan. Ya kare kansa da cewa dabbobin a ɗakin kaya suka shiga, inda mutum ba ya zama. Duk da haka maganar ta tayar da ƙura ƙwarai a Ingila, domin dubban mutane suna ƙofar filin jirgin suna roƙo. Namu al'amarin bai kai wannan girma ba, amma irinsa ne. Ma'aikacin jinyar nan yana da tsohuwa mai shan maganin hawan jini, yana da ƙanne biyu a makarantar sakandare. Kuɗin da zai ɗauki Duna zuwa Ingila zai riƙe su tsawon lokaci. A ganinmu, ga yawancin iyalanmu, barin kare a gida shi ne daidai, kuma babu zunubi a cikinsa. Ba mu ce haram ne a tafi da shi ba. Wanda Allah ya hore masa, ya sauke haƙƙin mutanensa, karen kuma yana da ƙuruciyar da zai saba da sabon wuri, ya tafi da abinsa. Makaho mai karen jagora kuwa ba ya cikin wannan lissafi sam.

Sai dai a nan ne muke jin tsoron kanmu. Da zarar an ce mutum ya fi kare, sai zuciya ta yi ajiyar numfashi, ta ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Cewa ba za mu tafi da shi ba bai faɗa mana abin da za mu yi da shi ba, kuma yawancin zaluncin da ake yi wa karnuka ranar ƙaura ba mugaye ke yin sa ba, mutanen kirki ne da aiki ya yi musu yawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce a ce, "Ai akwai mutane a unguwa, wani zai kula da shi." Wannan wani ba shi da suna, ba a kuwa tambaye shi ba. A watan Fabrairun 1958 wata tawagar masu bincike ta ƙasar Japan ta bar karnuka 15 a ɗaure a sansaninta na Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu inda ƙanƙara ba ta narkewa. Ba da mugun nufi suka bar su ba, sun tabbata wata tawaga za ta iso cikin 'yan kwanaki. Mugun yanayi ya hana ta sauka. Da aka koma a Janairun 1959, an tarar bakwai sun mutu a jikin sarƙa, shida sun ɓace, biyu kaɗai aka samu da rai, Taro da Jiro. Japanawa sun yi wa waɗannan biyu mutum-mutumi, amma mu bakwai ɗin nan muke tunawa, waɗanda suka mutu suna jiran wanda aka ce yana zuwa. A ƙauyukanmu ba ƙanƙara, amma mun sha ganin kare kwance a ƙofar gidan da aka kulle, maƙwabta suna ba shi abinci mako na fari, mako na biyu sai wanda ya tuna, a wata na biyu kuwa haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.

Daga nan sai ya fara yawo. Ya shiga juji, ya kama kazar wani, a jefe shi, ya koyi cizo. A wannan mataki maganar ta tashi daga tausayin dabba ta koma kan ran 'ya'yan mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma yawanci ta cizon kare ake kamuwa. Kusan huɗu cikin goma na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Karen da ba shi da mai shi ba wanda zai kai shi allura, shi ne kuma yake faɗa da karnukan daji da dare ya dawo cikin yara da rana. Mutumin da ya saki karensa ya hau jirgi yana cewa ya fifita mutane a kan dabba, ya bar wa 'ya'yan maƙwabtansa haɗari ne a bakin hanya. (Tun da maganar ta zo, a riƙe wannan: wanda kare ya ciza a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.)

Akwai hanya ta uku, ita ce a sayar wa fataken karnuka da ke zagaya ƙauyuka. Kowa ya san inda suke kai su. Kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato ta yi suna wajen cinikin karnuka, daga can kuma ake lodinsu zuwa kudu. Ba mu zo yanke hukunci a kan abincin wata kabila ba, a cikin majami'unmu ma akwai waɗanda naman kare halal ne a al'adarsu. Abin da muke dubawa dabam ne. Bafatake ba zai iya kama Duna ba, gama Duna ba ya yarda da baƙo. Dole maigida ne zai kira shi da sunansa, ya zo yana kaɗa wutsiya, sa'an nan a zura masa igiya. Yardar da muka yi shekara bakwai muna ginawa ita za mu yi tarko da ita, saboda kuɗin da ba zai sayi akwatin tafiya ba. Sa'an nan a koma a ce wa yaro karen ya ɓata. Yara suna gane irin wannan ƙarya, ko ba a ranar ba, kuma abin da suke koya daga ciki ba game da karnuka ba ne kaɗai. Yaron da za a kai ƙasar da tsofaffi da yawa suke ƙare kwanakinsu a gidajen kula da tsofaffi yana kallon yadda ubansa yake rabuwa da abin da amfaninsa ya ƙare.

Abin da ya rage shi ne a nemi mutum guda, mai suna, mai gida, a je a same shi a roƙe shi, ya amsa da bakinsa cewa daga yau karen nasa ne. Kada a ɗora wa tsohuwa, ita ma riƙo take bukata. Kada a raina maƙwabtanmu Musulmi a wannan nema, domin malamansu sun yarda a ajiye kare saboda farauta da gadin gona da tsaron dabbobi, kuma manomi ko makiyayi da ke bakin daji yakan fi mutumin cikin gari sanin darajar kare mai hankali. A yi masa allurar rigakafi kafin a miƙa shi, a ba sabon mai shi takardar, a gaya masa lokacin da za a sake. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin wannan allura a ƙasar nan, kuma ma'aikatan lafiyar dabbobi sun san inda ake samunta. A bar wani abu na dusa da tsaki, ko da an ce ba a so. A kuma fara da wuri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya: sabon mai shi ya riƙa zuwa yana ba shi abinci da hannunsa makonni kafin a tashi.

Akwai yanayin da ya fi wannan wuya, ba za mu ɓoye ba. Kare ya tsufa ƙwarai, ya makance ko yana fama da ciwon da ba ya warkewa, an nema an rasa mai karɓa. A nan muna ganin ya fi kusa da jinƙai a kai shi wurin likitan dabbobi ya kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da azaba ba, maigida yana tsaye a wurin, da a bar shi ga yunwa da duwatsun yara. Amma wannan ƙofar ƙarshe ce, kuma wanda ya nufe ta don ta fi sauƙi, bai yi neman da ya kamata ba, shi ma ya san abin da ya yi.

Ma'aikacin jinyar nan ya yi ta lissafin wanda zai ba, sai ya tarar mutum ɗaya ne ya dace, wani ɗan baffansa manomi da ke zaune a wata 'yar unguwa ta hanyar Karaye, mai garken tumaki da ɓarayi suka taɓa shiga. Matsalar ita ce sun yi shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gonar gado. Ya yi mako guda yana juya abin, sa'an nan ya hau babur ya tafi, ɗansa a baya. Ɗan baffan ya saurare shi har ya gama, ya yi shiru, kāna ya ce, "Yaya, kare dai na karɓa. Maganar gona tana nan." Haka kuwa take har yanzu, ba a warware ta ba.

Mako uku kafin tafiya aka kai Duna. Sau uku yana tsinke igiya da dare ya komo tsohon gida, sau uku ɗan baffan yana zuwa da keke ya tafi da shi. Na ƙarshen ya faru ne bayan iyalin sun tashi, katikis ɗinmu ne ya gan shi da asuba kwance a ƙofar zauren da kwaɗo a jikinta, ya aika aka zo aka ɗauke shi. Daga nan bai sake komowa ba. Lokacin Kirsimeti yaron ya kira ta wayar hannu daga Ingila, aka buɗe murya a tsakar gida, ya ce, "Duna! Duna!" Karen ya miƙe zumbur, ya zagaya bayan rumbu, ya leƙa zaure, ya dawo ya tsaya yana kallon ƙofa. Da tumaki suka motsa a turke sai ya juya ya nufi wurinsu.